Soweto: Sunan da Aka Haɗa a Ofis

Duk wanda ya ji kalmar Soweto a karon farko zai ɗauka daga harshen Zulu ko Sotho ta fito. Mu ma haka muka ɗauka shekara da shekaru. Ashe Turanci ce tsantsa. An yanko haruffa biyu-biyu daga farkon kalmomin South Western Townships, wato unguwannin kudu maso yamma. Kudu maso yammacin ina? Na Johannesburg, birnin zinariya da fararen fata suka keɓe wa kansu.

Tushen wurin ya girmi sunan da kusan shekara sittin. A 1904 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Johannesburg, sai hukuma ta ƙone unguwar talakawa da ke dab da tsakiyar gari, ta kwashe baƙaƙen fata zuwa Klipspruit, kusa da inda ake zubar da ƙazantar birnin. A farkon shekarun 1930 aka yanka filayen Orlando, aka sa mata sunan Edwin Orlando Leake, wani Bature ɗan majalisar birni. Gidajen ba su isa ba. A 1944 James Mpanza ya ja dubban marasa matsuguni suka kafa bukkokin buhu a kan filin hukuma. Sunan ƙungiyarsu Sofasonke, ma'ana “tare za mu mutu”. Wannan kam mutanen ne suka raɗa da bakinsu.

Bayan gwamnatin wariyar launin fata ta hau mulki a 1948, ginin ya kankama gadan-gadan. Ranar 9 ga Fabrairu 1955 'yan sanda kusan 2,000 suka dira a Sophiatown, ɗaya daga 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar fili, suka fara loda iyalai a manyan motoci zuwa Meadowlands. Aka rushe unguwar, aka gina ta fararen fata a kan kufanta, aka sa mata Triomf, wato nasara. Ko kunya babu.

Gidajen da aka zuba wa waɗanda aka kora ma lamba gare su. Zanen da ya fi yawa shi ne NE 51/6: NE na nufin wanda ba Bature ba, 51 shekarar 1951, 6 kuma lambar zanen. Ɗaki huɗu, ban-ɗaki a waje, layi bayan layi har inda ido ya tsaya. Mazauna suka riƙa kiransu akwatin ashana. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan laƙabi sarai. Shi muke liƙa wa abin da muke son mu ƙirga, mu jera, mu nemo cikin sauri, ba tare da mun damu da abin da ke cikinsa ba.

Sannan aka raba sababbin unguwannin bisa harshe. Masu jin Sotho da Tswana aka tura su Naledi da Mapetla da Moletsane, masu jin Zulu da Xhosa Zola da Jabulani da Emdeni, Tsonga da Venda kuwa Chiawelo. To da aka zo neman suna ɗaya na gaba ɗaya, hukuma ta faɗa ramin da ta haƙa. A 1959 William Carr, shugaban sashen da ke kula da harkokin waɗanda ba Turawa ba a majalisar birnin, ya sa aka buɗe gasar raɗa suna. Aka yi ta ja-in-ja har shekara huɗu. A ganinmu dalilin a fili yake: mutanen da ka raba da gangan, da harshen wa za ka kira su? A 1963 aka tsaya a kan Soweto, kalmar da ba ta kowa ba, amma mai daɗi a bakin kowa.

Shekara goma sha uku sunan yana zaune a takardun ofis da allunan hanya. Ranar 16 ga Yuni 1976 dubban ɗalibai suka fito zanga-zanga saboda an tilasta a koyar da su wasu darussa da harshen Afrikaans. 'Yan sanda suka buɗe wuta a Orlando ta Yamma. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka na Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, wani saurayi na gudu da shi a hannu, yayarsa na biye tana kuka, ya zaga duniya. Daga ranar, wanda bai san a wace kusurwar Johannesburg garin yake ba ma ya san Soweto. Tun 1991 ake tunawa da 16 ga Yuni a matsayin Ranar Yaran Afirka.

Da mulkin wariya ya faɗi a 1994, Afirka ta Kudu ta shiga sauya sunaye. Pietersburg ta koma Polokwane, Triomf ta karɓi sunanta na Sophiatown a 2006, Port Elizabeth ta zama Gqeberha a 2021. Soweto, wadda ma'aikatan wancan zamani suka haɗa daga Turanci, ba a taɓa ta ba. Ƙidayar 2011 ta samu mutum sama da miliyan 1.2 suna zaune a cikinta.