Gida Mai Taya: Abin Da Tarihi Ke Faɗa Wa Mai Son Saye Ko Haya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau magana ce a kan motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV, ni kuma zan ce mata motar gida. Bidiyonta ya cika TikTok, har wasu matasa na ganin ita ce maganin kuɗin hayar gida. To kafin mutum ya zuba guminsa, ya kamata ya san daga ina ta fito.

Asalinta abin shaƙatawar masu kuɗi ce. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje wata mota a Niyok wadda kujerar bayanta ke komawa gado, ga wurin wanke hannu. A 1915 wani attajiri, Roland Conklin, ya kwashi iyalinsa daga Niyok ya nufi San Faransisko a cikin wata ƙatuwar mota da aka ƙera masa musamman. Talaka kallo ne nasa.

Sai tattalin arziƙin Amurka ya rushe a 1929. Mutanen da suka rasa aiki da muhalli suka koma kwana a tirelolin da mota ke ja. Tun daga nan abin ya zama fuska biyu: wani ya shiga don hutu, wani don ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka rabu gida biyu wajen girma. A Jamus, Volkswagen ya fito da ƙaramar bas a 1950, kamfanin Westfalia ya riƙa sa mata gado da ɗan wurin girki. A Amurka kuwa mai na da araha, hanyoyi ga faɗi, sai aka bi girma. A 1966 kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fara ƙera tasa a kusan rabin kuɗin na sauran, ma'aikaci ma ya samu shiga.

Ana cikin haka 1973 ta zo. Ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, layi ya cika gidajen mai, cinikin manyan motocin nan ya faɗi warwas. Wanda ya sayi ƙatuwa don a gani, sai ga ta girke a ƙofar gida, ba hawa ba mai saye. A 2008 aka maimaita. Yankin Elkhart na jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawansu, rashin aikin yi ya kusa kai kashi 20 cikin 100, har Obama ya je can a Fabrairun 2009. A shekarun ne dattawan da suka rasa gidajensu suka koma zama a mota suna bin aikin wucin gadi a rumbunan Amazon, labarin da Jessica Bruder ta rubuta a littafinta Nomadland a 2017.

Na baya-bayan nan shi ne lokacin korona. A 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motocin gida da tireloli kimanin 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya dawo kusan rabi. Da yawa sun saya da zumuɗi da bashin banki, daga baya suka sayar da asara.

To me mai son zaɓe zai ɗauka a nan, musamman 'yan'uwanmu da ke zaune Turai da Amurka?

Na farko, girma nauyi ne. Kashi uku ake da su: babba mai kamar luksuriya, wadda lita ɗaya ba ta wuce ta kai ta kilomita uku zuwa huɗu, matsakaiciya mai gado a saman kan direba, da ƙarama mai jikin bas, wadda ke shiga gari ta samu wurin ajiyewa. Ka ƙirga mutum nawa za su kwana, ka ƙirga kujeru nawa ke da bel, don sau da yawa gadaje sun fi su yawa.

Na biyu, lasisi. A yawancin Turai lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, kuma ruwa da gas da kaya da ku kanku duk a ciki ake lissafi.

Na uku, idan ta hannu ce, danshi ne babban abokin gaba. Duba rufi da gefen tagogi, ka taka daɓen ka ji ko ya yi laushi.

Na huɗu, kuma shi na fi jaddadawa: yi haya tukuna. Gida kan ƙara daraja, mota kullum raguwa take yi, ga inshora ga kuɗin wurin ajiya. Idan sati biyu ko uku za ka hau a shekara, haya ta fi maka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni a ganina, duk ƙasar da matashi mai aiki ke kwana a mota don haya ta gagare shi, tsarin gidajenta ya kamata a tuhuma, komai kyan bidiyon.

Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa, ku tura wa wani. Sai mako na gaba, ku huta lafiya.