Ƙawancen Ƙananan Hukumomi da Ƙasashen Waje: Me Ya Dace da Tarka?

Zaɓen 24 ga Yuli 2004 ya kafa majalisu a ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, ya kuma haifar da wata matsala da har yau ba a warware ba. An miƙa wa garuruwa da karkara ikon tafiyar da al'amuransu, amma ba a haɗa musu da ma'aikatan da suka san aikin ba. Cikin dabarun da aka bi akwai ƙulla ƙawance da ƙananan hukumomin ƙasashen waje, musamman na Faransa: a yi musayar ziyara, a horar da ma'aikata, a haɗa kuɗi don wasu ayyuka. Wannan maƙala tana duba tsarin daga Tarka ta ƙasar Damargu, kuma ra'ayinta shi ne an fi kashe kuɗin horon a kan waɗanda ba sa daɗewa a kujera, an kuma fi neman ilimin a wuraren da ba su san irin matsalolin Tarka ba.

Tarka ƙaramar hukumar karkara ce mai hedikwata a Belbeji. Tana ƙarƙashin gundumar Tanut har zuwa 2011, lokacin da aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma, kuma Tarka ita kaɗai ce ƙaramar hukuma a cikinta, wato perefe da magajin gari ƙasa ɗaya suke kula da ita. Ƙidayar 2012 ta samu mutane kimanin 96,000 a wurin, manoma da makiyaya, Hausawa da Abzinawa da Fulani da sauransu. Kwarin da ƙaramar hukumar ta ci sunansa ya miƙe yamma ta ƙasar Dakwaro, ya gangara Madawa. A wannan shiyya ne dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar da yawan jama'a da farin 1973 da na 1984 suka sa gonaki suka daɗe da tsallake ta. Saboda haka aikin yau da kullum na ma'aikatar magajin gari a nan shi ne burtalin da gona ta cinye, da rijiyar da ake jayayya a kan wanda zai fara shayarwa, da kimanta ɓarnar da dabbobi suka yi kafin a buɗe gonaki, da harajin kasuwar dabbobi, da takardar haihuwar yaron da aka haifa a ruga mai nisan yini biyu daga ofis.

In aka duba ƙawancen da suka yi suna, za a ga inda suka karkata. Gundumar Côtes-d'Armor ta haɗa hannu da Cirozerin ta jihar Agadas tun 1987, garin Orsay da Dogon Dutsi, Conflans-Sainte-Honorine da Tasawa, sannan gundumar Val-de-Marne da birnin Damagaram tun 2005, inda aka fi ba da ƙarfi ga ruwa da tsaftar gari. Ba za a raina waɗannan ayyuka ba. Dokar Faransa ta Oudin-Santini ta 2005, wadda ta ba hukumomin can damar ware har kashi 1 cikin 100 na kasafin ruwansu don ayyukan ƙetare, ta samar da kuɗin da ba ya jiran gwamnatin tsakiya. Sai dai irin wannan ƙawance yakan samo asali ne daga sanayya, wani malami ko ma'aikacin sa-kai da ya taɓa zama a gari, ko ɗan gari mazaunin Turai. Garin da ke bakin kwalta shi ke samun irin waɗannan baƙi. Kuma abokin ƙawance abin da ya sani yake koyarwa. Injiniyan da ya fito daga kewayen birnin Paris gwani ne a harkar bututu da magudanar ruwa, amma bai taɓa zama tsakanin hakimi da arɗo ana rabon kwanakin shayarwa ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi, wato wa ake ɗauka a tafi da shi. Bisa al'ada magajin gari ne ke shiga jirgi, domin shi ke sa hannu a yarjejeniya. To amma tarihin kujerarsa a Nijar ba ya ba da ƙwarin gwiwa. Bayan juyin mulkin Fabrairu 2010 kantomomi ne suka riƙe ƙananan hukumomi har zuwa zaɓen Janairu 2011. Majalisun da aka zaɓa a lokacin an yi ta tsawaita wa'adinsu har Disamba 2020, waɗanda suka gaje su kuma aka rusa su a Afrilu 2024 aka sake naɗa kantomomi. Duk abin da zaɓaɓɓe ya gano a waje, da shi ya tafi gida. Waɗanda suka rage su ne sakatare janar, da ma'aji, da mai rajistar haihuwa, da sakataren kwamitin filaye, kuma su ne aka fi mantawa da su in ana rubuta sunayen tawaga. Su ma ɗin ana yi musu canjin wurin aiki, don haka horon da bai zama rubutacciyar ƙa'ida da rajista da taswirar burtali a cikin ofis ba, zanen aro ne. Ɓangaren baƙin ma ba shi da tabbas: jihar Picardie, wadda ta yi ƙawance da ƙananan hukumomin Ƙonni da Madawa, an narkar da ita cikin wata babbar jiha a 2016, kuma Faransa ta dakatar da tallafin raya ƙasa ga Nijar a 29 ga Yuli 2023.

Mai kare tsarin zai ce dokokin mulkin Nijar daga na Faransa aka tsamo su, don haka ma'aji ko mai rajista zai ƙaru da takwaransa na can. Wannan gaskiya ne, musamman tun da a 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, lissafi ya ƙara yawa. Amma irin wannan darasi ana iya ba da shi a cibiyar horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke makarantar koyon aikin gwamnati a Yamai, a kuɗin da bai kai na tikiti da biza ba.

Ilimin da Tarka ta fi buƙata yana kusa da ita. Ƙananan hukumomin Dakwaro sun yi shekaru suna shata burtali da kafa turakun alama da tallafin ƙasar Suwizalan, suna aiki da kundin dokar karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010, kuma kwari ɗaya suke da Tarka. Ta kudu kuwa, dabbobin wannan shiyya kasuwannin arewacin Najeriya irin Maigatari suke nufa, garke kuma yakan yi rani a ƙasar Katsina da Jigawa da Kano. Hanya ce tsohuwa, domin ayarin Abzin ta Damargu yake bi zuwa Kano. Sakataren kwamitin filaye na Belbeji da jami'in noma na wata ƙaramar hukuma a Jigawa makiyaya ɗaya suke hulɗa da su a watanni daban-daban, kuma da Hausa za su tattauna ba tare da tafinta ba. Wannan ma musayar ƙasa da ƙasa ce, ko da yake ba ta da kwarjinin tafiya Turai.

Cikas ɗin na siyasa ne. Akwai hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, amma gwamnatocin tsakiya ne ke zama a teburinta. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025 ta jefa shakku a kan takardar ƙetare iyaka ta makiyaya da ƙungiyar ta tsara a 1998. A Najeriya kuma sai a Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomin da gwamnoni ke naɗawa. Yarjejeniya tsakanin Belbeji da wata ƙaramar hukuma ta tsallaken iyaka tana buƙatar amincewar Yamai da Abuja, da kuma ta gwamnan jihar da abin ya shafa.