Kwalayen ashana 304 da suka koyi wasa

Wasan da Faransawa ke kira morpion ƙanen dara ne: gida tara, mutum biyu suna sa alama bi da bi, wanda ya jera uku ya ci. Yau yara na karawa da kwamfuta a kansa ta intanet, amma wannan karawar ta girmi intanet.

A 1950, Josef Kates ya nuna wata na'ura mai tsawon mita 4 a baje kolin Toronto, ƙasar Kanada, tana wasan da ƴan kallo. A 1952, Alexander Douglas ya tsara OXO a jami'ar Cambridge ta Ingila. Ɗan wasa na zaɓen gida da majuyin lambar tarho.

Waɗannan biyu an ɗora musu dabara tun farko. A 1961 Donald Michie ya haɗa wadda ke koyo da kanta, MENACE, ba lantarki: kwalayen ashana 304, kowane na wakiltar yanayi ɗaya na wasan. Cikinsu akwai duwatsun ado, kowane launi na nufin gida guda. A zaro dutse ido rufe, a bi abin da ya nuna. In ta ci a ƙara irinsa, in an cinye ta a cire. Sannu a hankali ta rage faɗuwa.

Koyo ta hanyar lada da hasara na cikin tushen ƙirƙirarriyar basira ta yau. Malamin lakkwal da ba shi da kwamfuta na iya fara wannan darasi da kwalayen ashana.