Buhun Taki ko Galan ɗin Fetur: Wane Tallafi ne Ya Riƙe Manomin Rani a Maiduguri?

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun sauye-sauyen tallafin noma daga 2012 zuwa 2025 da yadda suka shafi manoman fadamar Jere da gaɓar kogin Ngadda. Ta gano cewa janye tallafin man fetur ya fi kowane sauyin tsarin taki girgiza noman rani a yankin.

Waiwaye

Akasarin masu nazari a kan buhun taki suka tare. Sun yi dogon sharhi kan shirin da ministan noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya ɓullo da shi a 2012, inda manomi ke samun saƙo ta waya ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, da kuma yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a 2016 wadda ta tsayar da buhu a kan naira 5,500. Aikinsu yana da amfani, amma da ma'aunin Kano da Zariya suka auna Borno. A shekarun da ake wannan rabo, jami'an tsaro sun taƙaita shigar da takin yuriya Arewa maso Gabas saboda ana haɗa abubuwan fashewa da shi, kuma dubban manoma sun baro gonakinsu suna zaune a sansanoni. Mai gonar shinkafa a Zabarmari, wanda ya ga kisan gillar da aka yi wa manoma a Koshobe a Nuwamban 2020, ransa ya fara tunani kafin taki.

Hanyar bincike

An dogara ga sanarwar hukumomi da rahotannin da aka buga, aka jera su bisa kalandar noman yankin.

Sakamako

Kafin Mayun 2023 akwai tallafin da ba a taɓa rubuta sunan manomi a kansa ba, alhali shi ya fi kaiwa gare shi: fetur mai araha. Ba ya buƙatar rajista ko sanin wani a ofis. Manomi ya ɗauki galan ya sayo, ya zuba wa injin ban-ruwa, ya ja igiya, ruwa ya bi tiyo ya cika fangali. A kan wannan aka gina albasa da tumatir da tattasai da ke cika Kasuwar Gamboru da rani.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Bambancin taki da ruwa a nan yake. Manomi na iya rage taki, ya cike giɓin da kashin shanu ko na kaji, ya girbe wani abu. Ruwa ba ya karɓar uzuri. Tumatir da ya sha ƙishi lokacin fure zubar da furen yake yi, kuɗin iri da na ƙwadago duk sun tafi. Shi ya sa hanyar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya rage faɗin gona, ko ya ci bashin dillali ya sayar masa da amfanin tun yana tsaye. Ana cikin haka madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shafe gonaki ya shiga birni, aka wayi gari wurin da ake tara ruwan rani ya lalace.

Gwamnatin Borno ma ta shaida inda ciwon yake, domin a farkon 2025 Gwamna Babagana Zulum ya sanar da sayar wa manoman ban-ruwa litar fetur a kan naira 600. Mataki ne mai kyau, sai dai yana iya yankewa kamar na baya. Abin da zai ɗore shi ne a raba manomi da galan: injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a bashi mai sauƙi ga ƙungiyoyi, tare da horar da masu gyara a Maiduguri, don injin da ya lalace babu makaniki ya zama kayan ajiya. Sai dawar masakwa, wadda ake dasawa a ƙasar firgi bayan damina ta girma da laimar ƙasa, ba ta neman ko ɗigon mai. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yi suna kan alkama da gero, kuma ya dace malaman gona su kai irin cibiyar har fadama kafin lokacin shuka.

Iyakar binciken

Gaskiya ne maƙalar ta tsaya ga noman rani a kewayen Maiduguri. Mai masara a tsaunukan Biu, wanda sama ke shayar da gonarsa, har yanzu taki ne babbar damuwarsa, kuma lissafinsa na buƙatar nazari na dabam.