Haƙƙin Makaɗi Daga Fada Zuwa Intanet

A zamanin da, makaɗin Hausa ba ya sayar da waƙa. Ubangida ke sallamarsa da doki ko riga, waƙa kuwa ta shiga bakin jama'a. Zuwan kaset shi ya sauya al'amarin, domin a mahaɗar hanyoyi, 'yan kasuwa sun riƙa kwafar waƙoƙin Mamman Shata suna sayar wa matafiya, ba da saninsa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da wadda ta gaje ta a 2023, sun kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999. Ke nan, mai shirin podkas da ya nemi kuɗi da waƙarsa kafin ƙarshen 2069, ba da izini ba, gādon wasu ya ci.