Fatar baka a ƙasar Gobir

Fatar baka ita ce kowace irin fatar dabba da ake naɗawa, ko ɗinkawa, ko liƙawa a jikin bakan itace domin ya daɗe, ya yi daɗin riƙo, ko ya yi kyan gani. A ƙasar Gobir, wadda ta haɗa da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa a gabashin Jihar Sakkwato da kuma Tsibiri a Jamhuriyar Nijar, an fi sanin baka na itace guda, wanda ake naɗa wa fata a wuraren da ke buƙata kawai. Shimfiɗa fata ko jijiya a bayan baka tun daga kai har ƙasa ya fi yawa a Asiya da Amurka ta Arewa.

Tarihi

Baka da kibiya su ne manyan makaman dakaru a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, doki da mashi da takobi kuwa na barade ne. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu kaɗan ne, galibinsu 'yan baka ne, kuma su suka yi nasara. Alƙalawa, babban birnin Gobir wanda kufansa ke kusa da Sabon Birni, ya faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Yankin ya zama bakin iyaka na shekaru masu yawa, saboda haka baka da kwari suka zama kayan da ba a rasa su a gidajen manoma da makiyaya. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, baka ya koma kayan farauta da tsaron dabbobi da bukukuwa.

Abin da fata ke yi wa baka

Idan aka ja tsirkiya, bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, yana miƙewa, cikinsa kuma yana matsewa. Daga baya baka yake fara karyewa: wani siririn sili na itacen ya ɗaga, tsaga ta bi shi. A ƙasa mai zafi da hunturu kamar Gobir, itace yana bushewa ƙwarai, kuma busasshen itace ya fi saurin tsagewa. Fatar da ta kama itace tam tana danne silin kafin ya ɗaga. Ba ta ƙara wa baka ƙarfin harbi sosai ba. Idan ma ta yi kauri, nauyinta yana rage gudun kibiya.

Rabe-rabe

Mutane sukan raba fatun da sunan dabba, su ce fatar sa ce ko ta guza. Wannan rabo bai cika faɗin amfanin fatar ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko an jeme ta ko ba a jeme ba, da kuma wurin da aka sa ta.

Ɗanyar fata ita ce wadda aka kankare gashinta aka shanya ba tare da jima ba. Ana jiƙa ta har ta yi laushi, a yanka ta siri-siri, a naɗa tana jiƙe. Da ta bushe sai ta tsuke, ta yi tauri kamar ƙaho, ta riƙe itacen ko babu danƙo. Ita ce fatar aiki. Ana naɗa ta a kan baka biyu inda tsirkiya ke cin itace, da kan kulli, da duk inda tsaga ta fara nunawa. Akwai kuma dabarar da aka sani a sassa da dama na Afirka, ta zare fatar wutsiyar sa ɗungum kamar safa, a zura ta a jikin baka ko ƙotar mashi, ta bushe a wurin ba ɗinki. Fatar akuya da ta barewa sun fi dacewa da shimfiɗawa a bayan baka saboda ba su da kauri. Ta sa sai an fere ta. Tsirkiya ma sau da yawa daga ɗanyar fata ake murɗa ta. Illarta guda ce, ruwa. Da damina tana shan laima ta saki, shi ya sa maharba ke rataye baka a ɗaki inda hayaƙi ke kaiwa, kuma ba su barin tsirkiya ta jiƙe.

Jemammiyar fata ita ce wadda majema suka jeme da bagaruwa. Tana da laushi, ba ta tsukewa, kuma tana miƙewa idan aka ja ta, don haka ba ta hana itace tsagewa. Wurinta mariƙi ne, inda gumi ke sa hannu ya zame, sai kwari da tuntaye na ado. A nan fatar jar akuyar Sakkwato ta yi fice. Ita ce fatar da fatake suka riƙa kai wa Arewacin Afirka ta hamada, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Dukawa suna rina ta ja da karan dafi, kuma su suke ɗinka mariƙi da kwari, ba mai sassaƙa bakan ba.

Fatun masu jan ciki, irin su mesa da guza da damo, sun fi kowace ɗaukar ido, amma su ne mafi ƙarancin amfani ga ƙarfin baka. Fatar maciji siririya ce ƙwarai. A Amurka ta Arewa wasu al'ummomin asali suna liƙa ta ne a kan jijiyar da aka riga aka shimfiɗa a bayan baka, don ta kare jijiyar daga laima. Fatar guza ta fi ta ƙwari, kuma kaushinta yana taimaka wa riƙo. A wajen mafarauta, fatar dabbar da mutum ya kashe da hannunsa alama ce ta bajinta, kuma layu da ake ɗaurawa a baka ko kwari su ma a cikin fata ake ɗinke su.

Jijiya ba fata ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su. Ita ce kaɗai ke ƙara wa baka ƙarfi na gaske, kuma ita ce sirrin bakan Turkawa da Mongol, wanda ake haɗawa da itace da ƙaho da jijiya, sannan a rufe bayansa da siririyar fata ko ɓawon itace.

Halin da ake ciki

Bindigar toka ta maye gurbin baka a hannun yawancin mafarauta, igiyar roba da nailan kuma sun shiga wurin naɗin fata da tsirkiya saboda arha da jure ruwa. Namun daji sun ragu a kwarin Rima da Bunsuru, kuma rashin tsaron da ya addabi Sabon Birni da Isa a 'yan shekarun nan ya hana mutane da yawa shiga daji da zuwa kasuwannin ƙauye. Mesa da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, don haka fitar da baka mai irin wannan fata zuwa waje yana buƙatar takardar izini.