Tarihin Adon Yanka: Daga Reza Zuwa Inji

Yau filin namu zai waiwayi tarihin wani ado da kowaccenmu ta sani, wato adon da ake yanke abu a fitar da fure da huji-huji, irin na jikin leshi da katin gayyatar biki.

Abin ya samo asali nesa. A shekara ta 105 miladiyya wani bafaden ƙasar Sin mai suna Cai Lun ya kyautata hanyar yin takarda. Da takarda ta wadata, sai matan karkara suka riƙa yanka jar takarda da almakashi suna fitar da furanni, su manna a taga lokacin sabuwar shekararsu. Uwa ke koya wa 'ya, har a 2009 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin kayan gadon duniya.

Shi kuwa leshi, a ƙarni na 16 ya bunƙasa a birnin Benis na Italiya. Mace za ta zare zaren yadi, ta yanke wani wuri, ta cike gurbin da allura. Aiki ne na watanni, don haka sai sarakuna da attajirai ke iya saye. A 1809 wani Bature a Ingila, John Heathcoat, ya yi rajistar injin saƙa raga irin ta leshi. A 1816 wasu fusatattun ma'aikata suka afka wa masana'antarsa suka farfasa injuna 55, amma hakan bai tsayar da inji ba. Leshi ya yi araha, matan da ke yin na hannu suka riƙa rasa kasuwa sannu a hankali. A cikin wannan ƙarni dai masu ɗab'i suka fara danna takarda da ƙarfe mai zane, ta fito tamkar leshi, ana katin gaisuwa da ita. Leshin da ya cika akwatin lefenmu kuma, tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suka shiga yi wa kasuwar Nijeriya shi, kafin mai sauƙin kuɗi ya shigo daga Asiya.

To amma kada wata ta ce abin na Turawa ne kaɗai. Dukawanmu sun daɗe suna yanke zane a jikin fata, su shimfiɗa wata mai launi daban a ƙarƙashi, adon ya fito a tumtum da gafaka. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Mu ma a tsakar gida fa? Mai ƙunshi da ke yanka salatif da reza, ta jera shi a ƙafar amarya kafin ta shafa jan lalle, ai adon yanka take yi.

Wajen 2006 wani kamfani a Amurka ya fito da ƙaramin inji mai suna Cricut, wanda ake ɗorawa a tebur. Na yanzu, sai ki zaɓi zane a waya ko kwamfuta, ki manna kwali a wata 'yar tabarma mai danƙo, injin ya ja ta gaba da baya, 'yar wuƙarsa na bin layi. Abin da reza za ta wuni a kai, shi cikin mintuna ya gama. Da shi ana yin katin biki da na suna, da adon kek, da sitikar lalle.

Ga darasin, Hajiyata. Matan Ingila da suka tsaya kan aikin hannu kaɗai, inji ya ƙwace musu ciniki. Yau sitikar lalle 'yar kanti ta shigo kasuwanninmu, kuma duk wadda aka saya, kuɗin wata mai ƙunshi ne ya ragu. Amma inji ba ya ƙirƙirar zane, sai abin da aka ba shi. Wadda ta san dagi da irin furen da amaren garinta ke so, tana da abin da ba a sayarwa a kanti.

Gaskiya injin na da tsada, yana son lantarki ko sola, wuƙarsa na dakushewa, sai an yi odar wata. Saboda haka kada a ci bashi don a burge. A fara da reza da kwali a ga ko akwai masu saye. In kasuwa ta buɗe, mata biyar ko goma sa iya yin adashi su sayi guda, 'yar da ta yi boko ta riƙe ɓangaren waya, tare da shawarar maigida. A wannan lokaci da tafiya ta yi wuya a yankinmu, sana'ar da za a yi daga ɗaka ba abin rainawa ba ce.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.